Daga Zafin Agege Zuwa Ƙauyen Ƙanƙara da Ruwan Zafi

Ranar da na je kasuwar Katanguwa neman rigar sanyi, wani ɗan Kano mai gwanjo ya dube ni sama da ƙasa, gumi na tsiyaya daga goshina har cikin ido, ya ce, "Alhaji, Jos za ka ko firiza za ka shiga?" Na ce masa Japan za ni. Ya shiga can ƙuryar rumfa ya jawo wata jibgegiyar riga mai nauyin buhun gari, ya rantse mini cewa ko Rasha na je da ita sai na yi fifita. Na biya ban ko taya ba.

Harkar kayan injin janareto ce ta kai ni, amma autanmu, wanda ya yi karatu a can har ya samu aiki a Tokyo, ya ce ba zan dawo Legas ban taka dusar ƙanƙara ba. Tun kafin in tashi ya ja mini kunne a waya: "Yaya, don Allah kada ka zo da kilishi. Ba sa barin nama ya shigo ƙasarsu, ko ƙyalle ɗaya ne." Haka na bar ƙullin da uwargida ta sa aka yi mini, na tafi da yaji da garin rogo kawai. Na bi ta Addis Ababa, na sauka jikina bai san dare ba bai san rana ba, domin suna gabanmu da awa 8.

Ƙauyen sunansa Nozawa Onsen, a yankin Nagano. Daga Tokyo jirgin ƙasa mai gudun tsiya, wanda suke kira Shinkansen, ya kai mu tashar Iiyama cikin ƙasa da awa 2, daga nan bas ta hau da mu dutse kamar minti 25. Na lissafa a raina, na taɓa ɓata fiye da haka tsakanin Oshodi da Apapa ban kai ko'ina ba. Jirgin yana ta kutsawa cikin ramukan da aka fasa a duwatsu, muna fitowa daga wani sai na ga duniya ta koma fara fat. Rufin gidaje, gonaki, motocin da aka ajiye, komai ya sha farin rawani. Auta yana ta magana, ni ban ji ko ɗaya ba.

Mutanen ƙauyen ba su kai 4,000 ba, wato ko unguwarmu ta ninka su. Tituna ƙanana ne masu hawa da gangara, kuma ta ko'ina tururi ke tashi daga magudanan ruwa. Ga wani wari kamar na baragurbi da ya tare ni tun daga tasha. Na ɗauka kwata ce irin tamu, har na fara murna ashe su ma suna da ita. Auta ya ce warin farar wuta ne da ke cikin ruwan, daga ƙarƙashin ƙasa yake fitowa da zafinsa. Kwana ɗaya hancina ya saba.

Bari in fara da abin kunyar. Washegari muka je wurin zamiya a kan ƙanƙara. Aka ba ni hayar wasu takalma masu tauri kamar an zuba wa ƙafa siminti, da dogayen faifai biyu da ake maƙala su a ƙasa, da sanduna biyu. Auta ya ce in biya mai koyarwa na rabin yini. Na ƙi. Na ce mutumin da ya yi shekara 6 yana tuƙa babur a titunan Legas kafin Allah ya buɗa masa, wane ne zai koya masa tsayuwa? Yara 'yan shekara 5 suna wuce ni fiu, na ce abin da ɗan yaye ke yi ai ba zai gagare ni ba.

Girman kai rawanin tsiya. Babur yana da birki, wannan abin ba shi da shi. Ina sakin jiki sai faifan suka ɗauke ni, na nemi abin takawa babu, na yi salati da ƙarfi na zube a gindin wata raga. Faɗuwar ba ta da zafi sosai, ƙanƙarar laushi ne da ita kamar garin alkama. Tashin ne masifa. Na yi ta birgima kamar kunkurun da aka kifar, sai da wata tsohuwa, wadda na tabbata ta girme wa mahaifiyata, ta tsaya ta nuna mini da hannu yadda zan juya faifan su gitta gangaren kafin in miƙe. Ta ɗan rusuna, ta wuce abinta kamar iska.

Da rana na biya mai koyarwar. Cikin awa ɗaya ya nuna mini sirrin: ka haɗa kawunan faifan a gaba ka buɗe bayansu, nan ne birkinka. Ka jingina gaba, kada ka ja baya ko da tsoro ya ce ka ja. In kana son juyawa hagu, ƙafar dama za ka danna. Wannan na ƙarshen ya daɗe bai shiga kaina ba. A rana ta 2 har na shiga akwatin da ke tafiya a jikin waya ya hau da mu sama, inda akwai wani fili mai sauƙin gangara. Ƙololuwar dutsen, Kenashi, tsayinta mita 1,650 ne. Ban je can ba, kuma ba na jin kunyar faɗa. Mutanen nan sun fi shekara 100 suna wannan wasa, kuma a gasar Olamfik ta lokacin sanyi ta 1998 a ƙauyen aka yi tseren da ake haɗa zamiya da harbin bindiga. Ni dai burina in sauko da haƙorana cikakku.

Rigar Katanguwa kuwa ita ta kusa kashe ni. Na sa singiletin auduga a ciki na ɗora ta. Da na fara fama sai gumi ya jiƙa singiletin, da na tsaya hutawa sai ya zama kamar an naɗe ni da jiƙaƙƙen tsumma daga firiji. Ashe riguna marasa nauyi ake jerawa 3 ko 4, ta cikin kada ta zama auduga, in ka ji zafi ka cire ɗaya. Abin da ya yi mini rana shi ne man kaɗanya da uwargida ta cusa a jaka ina cewa ba na so. Iskar can ta fi hunturun Katsina fasa leɓe.

Sallah ma sai da ta zo da nata labarin. Mu da muka tashi muna cewa "bari in fuskanci gabas", a can alƙibla yamma take, ta ɗan karkata arewa. Na duba wayata sau 3 ina zaton ta lalace. Rana kuma tana faɗuwa wajen ƙarfe 5, in ka yi sakaci la'asar ta tsere maka kana kan dutse. Abinci kuwa sai da tambaya, domin romon alade da wata giyar girki suna shiga inda ba ka zato. Auta ne bakina. Na rayu a kan shinkafa da kifi da ƙwai, da wani ganye mai tsami da ake kira nozawana, wanda ya samo sunansa daga sunan ƙauyen. Da na barbaɗa masa yaji sai ya tuna mini da kwaɗon zogale, ko da yake auta ya ce santi ne kawai ke damuna.

To, ruwan zafin. Shi ne abin da har yau nake juyawa a raina.

Na taɓa shiga Wikki a Yankari, na kuma je Ikogosi a jihar Ekiti, saboda haka na ɗauka na san ruwan ɗumi. Na Wikki digiri 31 ne, wanka ne na jin daɗi. A Nozawa akwai wani marmaro da ake kira Ogama, zafinsa ya kai wajen digiri 90. An kewaye shi, baƙo ba ya shiga, sai 'yan gari. Daga bayan shinge na tsaya ina kallon mata suna tsoma kwandunan ganye da ƙwai a ciki, suna hira, kamar yadda matanmu ke haɗuwa a bakin rijiya. Murhu ne da Allah ya hura musu, ba gawayi, ba gas, ba kuɗin wuta.

Bayan wannan akwai gidajen wanka 13 a warwatse cikin ƙauyen. Mafi shahara shi ne Oyu, ginin katako mai kyan gaske a tsakiyar gari. Ba mai karɓar kuɗi a ƙofa, ba mai gadi. Akwati ne kawai a jikin bango, ka jefa abin da ya sawwaƙa. Ɓangaren maza daban, na mata daban.

Sai dai fa tsirara ake shiga, haihuwar uwa. Ɗan tawul ne kawai a hannu, shi ma ba a yarda ya taɓa ruwan ba. Sai ka wanke jikinka tas a gefe kafin ka shiga, don kwamin na jiƙa jiki ne, ba na cuɗa ba. Na leƙa sau ɗaya na ja da baya ina istigfari. Ba na zargin kowa, al'adarsu ce, kuma ba wanda ke kallon wani. Amma ni ba zan iya buɗe al'aurata a gaban maza ba, gajeren wando kuma ba a shiga da shi. Auta ya san haka, shi ya sa ya kama mana masauki mai ɗakin wanka da ake ba mutum shi kaɗai ya kulle ƙofa. Duk mai niyyar zuwa ya tambayi wannan kafin ya biya kuɗin ɗaki, ba kowane masauki ke da shi ba. Akwai kuma wuraren tsoma ƙafa kawai a bakin titi, kana sanye da kayanka.

Da na sa ƙafa a karon farko sai na fizge ta, na ce wannan ai na fige kaza ne. A hankali ake shiga, ana watsa wa jiki tukuna. Da na nutse zuwa wuya, duk ciwon faɗuwar yini ya narke. Na yi ganganci na daɗe, ina miƙewa jiri ya ɗebe ni sai da na dafa bango. Minti kaɗan ake yi a fito a sha ruwa.

Da asubar ranar da za mu tafi, na fita miƙe ƙafa na bi ta gaban ɗaya daga cikin ƙananan gidajen wankan. Ƙofa a buɗe, an zubar da ruwan, wasu dattawa 3 sun naɗe ƙafar wando suna goge kwamin da burushi, cikin sanyin da ni ko hannu ba na iya fitarwa daga aljihu. Na ce wa auta, "Waɗannan ma'aikatan ƙaramar hukuma ne?" Ya tambaye su, suka yi dariya. Ya ce, "Yaya, maƙwabta ne. Yau layinsu ne." Kowane gidan wanka yana da ƙungiyar mutanen unguwa da ke kula da shi, suna kiranta yunakama, wato abokan ruwan zafi. Su ke wankewa bi da bi, su ke haɗa kuɗin gyara, kuma tsarin ya samo asali tun wani tsohon zamani a tarihin Japan da ake kira Edo, wanda ya ƙare a 1868. Ɗaya daga cikin dattawan ya nuna mini takardar da ke manne a bango. Ban iya karanta ko harafi ɗaya ba, amma na gane jerin sunaye ne da ranaku.

Nan take masallacin layinmu na Agege ya faɗo mini. Wani bawan Allah ya haƙa mana rijiyar burtsatse sadaka, da tanki da famfuna 6 na alwala. Shekara 2 ba a cika ba famfo 4 suka mutu, gansakuka ta rufe wurin har wani tsoho ya zame ya karye a hannu. Kullum bayan isha'i sai mun yi zancen a majalisa, kullum maganar ɗaya ce: ya kamata a yi wani abu. Ni ne ma na fi kowa ɗaga murya.

Da na dawo, majalisa ta cika don jin labari. Hoton faɗuwata, wanda auta ya ɗauka ya kuma tura wa duniya ba da izinina ba, shi ya fi kasuwa. Wani ya ce, "Alhaji, ka biya kuɗin jirgi don ka je ka faɗi? Da ka zo bakin famfon masallaci ai kyauta ne." Aka fashe da dariya. Na ce to tunda shi ya kawo zancen, bari in ba su labarin dattawan nan da takardarsu. Liman ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Allah ya gafarta malam, ai ba sai an je Japan ba. Kawo biro."

A daren aka rubuta gida 7, kowane gida da ranarsa, aka manna a jikin tanki, aka kuma sa ɗan abin da kowa zai riƙa bayarwa duk wata don gyaran famfo. Gida 2 sun riga sun fara zillewa, ana ta fama da su. Tawa ranar Alhamis ce. Makon jiya na sha'afa, ina kwance ina jin rediyo sai ga sallama a ƙofa. Yaron ladan ne, riƙe da bokiti da burushi, ya ce, "Baba, an ce a kawo wa mutumin Japan."