Sunana ya fito, ina godiya

Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya bayan La'asar sunana ya fito cikin waɗanda suka kammala PGDE, babbar diflomar koyarwa da ake yi bayan digiri. Alhamdulillahi. Waɗanda suka yi ta kirana ban ɗauka ba, ku yafe mini. Ba girman kai ba ne, abin da zan faɗa muku ne ba ni da shi.

Shekara shida ina koyar da lissafi a JHS, wato ƙaramar sakandare, a nan unguwar Aboabo ta Kumasi, amma digirina na lissafi ne zalla, don haka a takarda ni ba ƙwararriyar malama ba ce. Yaran da suka bi ta hannuna sun ci BECE, jarrabawar gama JHS, sun wuce, ni ina nan inda nake. Tun da aka fara jarrabawar lasisin malamai a 2018 na san ranar nan tana zuwa, domin NTC, hukumar da ke ba malamai lasisi a Ghana, sai ta ga takardar koyarwa kafin a yi maganar lasisi.

Karatun bai ba ni wuya kamar jiran ba. Jerin farko ya fito mako uku da suka wuce, na bi shi sama da ƙasa, babu ni. Ashe makin koyarwar gwaji ne ba a shigar ba, alhali mai dubawa ya zauna a bayan ajina minti arba'in yana rubutu, har ya yaba mini. Sau huɗu ina hawa trotro zuwa Kejetia, in sake wata motar, in isa ofis a ce in dawo jibi. Da dare in ta buɗe shafin jami'a a waya har caji ya ƙare. Mma kuwa tuni ta sanar da matan gidanmu a wajen suna cewa 'yarta ta gama, har an zaɓi zanen da za a ɗinka. Duk wadda ta ce mini barka, sai in ji cikina ya juya.

Babbar godiyata ga hedimastanmu. Ranka ya daɗe, shekaru muna yi maka tsiya a ɗakin malamai cewa ba ka yar da ko guntun takarda. To, a cikin tulin nan ka zaro kwafin takardar makin, da sa hannun mai dubawa da hatimin makaranta. Ita na kai aka gyara. Na janye tsiyata gaba ɗaya.

Mma, da kuɗin koko da ƙosai kika cika mini kuɗin zangon farko, Allah ya bar mana ke. Kawu na Alabar, na ga MoMo ɗinka, kuɗin da ka turo ta waya, tun kafin in buɗe baki. Maigida, ka sha jego da yara da abincin waje ba ka taɓa ɗaure fuska ba. Malam da ɗaliban makarantar allo da suka sa ni a addu'a, da abokan karatuna da suka ƙi yin murna sai da nawa ya fito, Allah ya saka da alheri.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci akwai waakye a gida, kowa ya zo. 'Yan aji biyu kuma kada ku ɗauka na manta, Litinin zan karɓi aikin gidan nan.