Sadik da Talatarsa

Akwai wani ɗan Indiya da muke aiki tare a garejinmu nan Jidda, mutumin jihar Tamil Nadu ne, Hindu, sadik, wato aboki da Larabci, muke ce wa juna kamar yadda kowa ke yi a sana'iyya, unguwar gareji-gareji. Ranar Talata na raka shi haraj, kasuwar tsofaffin motoci, zai sayi tsohuwar Corolla, an gama ciniki tsaf, mai mota ya miƙo hannu, sai gogan naka ya zaro waya ya duba ya ce a dakata. Wai Rahu Kalam ne. Haka muka zauna muna ta shan shayi a wannan zafin har wajen huɗu da rabi, ni kam raina ya ɓaci wallahi.

A hanyar dawowa na titsiye shi. Ashe daga fitowar rana zuwa faɗuwarta suke kasawa gida 8, kowane kaso kusan minti 90, kullum kaso ɗaya na Rahu ne, wanda a ilimin taurarinsu suke ɗauka mai kawo rashin sa'a, ba a fara sabon abu a cikinsa, ciniki ko tafiya ko maganar aure, amma abin da aka riga aka fara sai a ci gaba ba komai. Litinin kaso na biyu ne, Juma'a na huɗu, Talata na bakwai, shi ya sa ya faɗo mana da la'asar. Kuma tunda da rana ake lissafin, dole ya saita wayarsa a Jidda ba Chennai, babban birnin jiharsu, ba, kamar dai yadda muke da jadawalin sallah, wannan ne ma ya fi ba ni mamaki.

Kalandar tasu Panchang ake ce mata, abu 5 take dubawa, ciki har da ranar wata da suke kira tithi da masaukan wata guda 27, nakshatra. Da yawa daga cikin 'yan Hindu wata suke bi kamar mu, sai dai kusan duk shekara uku sukan cusa ƙarin wata guda, shi ya sa bikinsu na Diwali ba ya barin Oktoba ko Nuwamba alhali azuminmu zagaye shekara yake.

Na ce masa sadik mu a addininmu wannan camfi ne, ya yi dariya kawai. Ni ma sai na ja bakina na yi shiru, don na tuna kakata a Kano ko da kuɗi ba za ka sa ta yi tafiya ranar Larabgana ba. Motar dai sati biyu ta yi giya ya fara ƙugi, ni ne ma na kwance masa.