Takardar gado da rinjin kakanmu: abin da na tarar da na bi asalin gidanmu

A cikin birnin Zariya, gidan malamai ko na sarauta da wuya a rasa mai iya jero maka kakanni: wane ɗan wane ɗan wane, har a dangana da wanda ya zo daga Borno ko Katsina a zamanin Malam Musa, sarkin Zazzau na farko bayan jihadi. Waɗanda ba a jerowa su ne mutanen da suka noma hatsin da kakannin suka ci. Ni ma ba su na fita nema ba. Dangi ne suka ɗora mini aikin haɗa ɗan littafin asalin zuri'a da za a raba a taron zumunci na bayan Sallah, saboda ni malamin makaranta ne kuma ina da kwamfuta.

Baffa ya buɗe mini adakarsa. A cikin wata tsohuwar gafaka, tsakanin warƙoƙin littattafan fiƙihu, na ci karo da takardar rabon gadon kakan kakanmu. Da Larabci take, tawadar ta koma ja, gefen takardar gara ta taɓa shi. Na kai wa wani dattijon malami a unguwarmu da ya saba da irin wannan tsohon rubutu. Ya ɗora tabarau, yana bi da yatsa yana fassarawa: gida, gonaki, doki, littattafai, riguna da rawuna, kowanne da ƙimarsa ta kuɗin wuri. Sai ya dakata, ya ɗago ya dube ni, ya ce, "Malam, a ci gaba?" Na ce, "Allah ya gafarta malam, a ci gaba." Sunayen mutane ne suka biyo baya. Suna ɗaya-ɗaya, babu sunan uba, kuma a gaban kowane suna an rubuta kuɗinsa. Akwai mace da aka haɗa ta da ɗanta a layi guda, aka ba wa ɗaya daga cikin magada.

Da na kai maganar gida, sai aka rabu biyu. Baffa ya ce, "Kai yaro, a wancan zamani wa ba shi da bawa? Kowa yana da shi. Bar wannan shafi." Ɗansa kuwa, yayana, wanda ya yi jami'a a Samaru, cewa ya yi sam, bauta harkar sarakuna ce da hakimai, kakanmu malami ne, ƙila kyauta aka yi masa. Maganganunsu sun saɓa, amma wuri ɗaya suka nufa: kada sunan gidanmu ya fito tare da wannan abu. Idan kowa ya yi, babu wanda za a nuna. Idan sarakuna ne kaɗai, mu ba ruwanmu. Wannan ne ya sa na ajiye aikin jera sunaye, na koma ɗakin karatu na Kashim Ibrahim a Jami'ar Ahmadu Bello.

Abu na farko da karatun ya warware mini shi ne tambayoyi biyu muke cakuɗawa. Mutum nawa ne bayi, wannan daban. Mutum nawa ne suka mallaki bayi, wannan ma daban. Ta farkon tana da amsa, ko da ta kirdado ce. Masana Paul Lovejoy da Jan Hogendorn sun ƙiyasta cewa wajajen 1900 akwai bayi tsakanin miliyan 1 zuwa miliyan 2.5 a Daular Sakkwato, cikin jama'ar da ta kai wajen miliyan 10. Clapperton, Bature matafiyi da ya shiga Kano a 1824, ya ce fiye da rabin mazauna birnin bayi ne. Zazzau kuwa tana bakin iyaka ta kudu, daga nan ake kai hare-hare, kuma bayi na cikin gaisuwar da take aikawa Sakkwato. Wanda duk ya ce abin ƙalilan ne bai duba ba.

Ta biyun ce ke da wuya, kuma ba mu kaɗai muke musu a kanta ba. A Amurka, inda suke da ƙidayar 1860 a rubuce, har yau ana ja-in-ja. Ƙidayar ta nuna masu bayi kusan 394,000 da bayi kusan miliyan 4. Mai son rage abin sai ya raba masu bayin da dukkan 'yantattun ƙasar, har da yara da mutanen jihohin da ba a bauta, ya ce ai ba su kai kashi 2 cikin 100 ba. Amma idan aka ƙirga gida-gida a jihohin da ake bautar, kusan gida ɗaya cikin huɗu ne, a Misisifi kuwa kusan rabi. Lissafi ɗaya, fuska biyu. Wannan ya buɗe mini ido a kan namu, domin mu ma a gandu muke zaune. A takardarmu sunan mutum ɗaya ne mai bayi, amma matansa da 'ya'yansa da ƙannensa da almajiran zaurensa duk daga rumbu ɗaya ake ɗebo musu. Idan kai za ka ƙirga, mutum ɗaya ne ya mallaka. Idan cikin da ya ƙoshi za ka ƙirga, gida ne guda.

Masana ma ba su haɗu a baki ɗaya ba. Hogendorn ya yi bincike a Biye da Hanwa, nan kusa da mu, ya nuna yadda manyan rumada (jam'in rinji, wato ƙauyen bayi manoma) suke, inda bayi ke aiki ƙungiya-ƙungiya ƙarƙashin sarkin gandu. Polly Hill kuwa ta yi jayayya da ɗaukar manyan rumada a matsayin hoton ƙasar Hausa duka, tana ganin akwai bayi da dama a hannun manoma masu ɗan hali, suna noma kafaɗa da kafaɗa da 'ya'yan gida. A ganina, a ƙasar Zazzau duka biyun sun faru. Tarin bayi yana hannun gidajen sarauta da masu muƙami da manyan fatake, kamar yadda M. G. Smith ya nuna a littafinsa na 1960 kan mulkin Zazzau. Amma abin ya gangaro har ga malamai da marina da maƙera masu mutum biyu ko uku. Can ƙasa kuma ga talakan da ba shi da kowa, wanda shi kansa tsoronsa kada a kama shi ko matarsa a hanyar gona. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta labarin rayuwarta a Giwa aka buga a 1954, ta faɗi duka biyun da bakinta: danginta suna da rinji, kuma an taɓa kama nata dangin sai da aka fanso su. Don haka Baffa bai yi daidai ba da ya ce kowa, yayana ma bai yi daidai ba da ya ce sarakuna kaɗai.

Amma abin da ya fi girgiza ni ba a ɗakin karatu na same shi ba. Maza sun riƙe sunayen maza, mata ne suka riƙe sauran. Na tarar da Gwaggo tana tsince shinkafa a faifai, na gaishe ta, na ce, "Gwaggo, wai da muna da rinji?" Ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Ɗan nan, su wa kake tsammani ke kawo mana dawa da kaka tun kana yaro? Su wa ke zuwa wanke-wanke in ana biki?" Na san su sarai. "Mutanen gidanmu" ake ce musu, ban taɓa tambayar ta ina suka zama mutanen gidanmu ba. Ta bayyana mini yadda ta ji daga tsofaffi: a shiga gandu da hantsi, a tashi da azahar, sannan kowa ya nufi gayaunarsa. Wani ya nemi a sa masa murgu, ya riƙa biyan ubangidansa yana neman na kansa, yana tara na fansa. 'Ya'yan da aka haifa a gida dimajai ne, al'ada ta ƙi a sayar da su, amma ana gadonsu.

Sai ta ajiye faifan ta ce, "Kuma uwar kakanku ma ai sa-ɗaka ce." Daga kudu aka kawo ta tana yarinya. Tsagen fuskarta ba irin namu ba ne, kuma in tana niƙa takan yi waƙa da harshen da babu mai ji a gidan. A shari'a ɗan da ta haifa wa ubangidanta ɗa ne, ya ci gado, ya ɗauki sunan gida, ita ma ta 'yantu da mutuwar maigidan. Shi ya sa sunan ɗanta ke cikin jerin da muke alfahari da shi, ita kuwa ko sunan garinsu babu wanda ya riƙe. Na yi kwanaki wannan magana tana cina. Jinin mai saye da jinin wadda aka saya duk suna jikina, kuma na tabbata gidaje da yawa a birnin nan haka suke, in za a tambayi tsofaffin mata.

Na je ƙauyen da rinjin namu yake a da. Dattijon da ya tarbe ni ya shimfiɗa mini tabarma a ƙofar gida, aka kawo fura. Ya san ko ni ɗan wane ne tun kafin in faɗa. Mun yi hirar taki da tsadar masara, da kyar na kai ga abin da ya kawo ni. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Mun sani, ku ma kun sani. Amma ina da jikoki mata da ba su yi aure ba." A nan na gane iyakata. Takardar tamu ce, amma sirrin ba namu kaɗai ba ne. Har gobe in an tashi binciken aure, akwai gidajen da kalma ɗaya kan asali ta isa ta rushe baiko. Mai bin irin wannan sawu ya san cewa abin da shi yake ɗauka tarihi, ga wani rayuwar 'ya'yansa ce.

Kuma abin bai yi nisan da muke zato ba. Dokar Lugard ta 1901 'yanta yaran da aka haifa daga watan Afrilun shekarar ta yi, ta kuma hana saye da sayarwa, amma ba ta saki waɗanda ke hannu ba. Su sai dai su gudu, ko ubangida ya 'yanta, ko su fanshi kansu a gaban alƙali. Turawa sun shigo Zariya a 1902, amma sai a 1936 aka soke bauta gaba ɗaya a Arewacin Najeriya. Wanda aka haifa a rinji a 1900 yana iya kaiwa zamanin Shagari da ransa. Wasunmu sun gaishe su, sun ci goro daga hannunsu.

A ƙarshe na sa shafin a littafin. Na rubuta cewa kakan kakanmu ya mallaki mutane kuma an raba su a gado, na rubuta cewa muna da rinji, ban ambaci ƙauyen ba, ban sa sunan kowa daga cikinsu ba. A bishiyar zuri'a na buɗe wa uwar kakanmu gurbi kusa da matan aure, da sunan da aka sa mata a gidan, tunda shi kaɗai ya rage. Baffa ya karanta, ya ce in cire shafin daga kwafin da za a ba surukai. Na ce, "Baffa, a yi mini haƙuri, littafi ɗaya zan buga." Bai amince ba har yanzu, kuma muna kan magana. Gwaggo ce ta goya mini baya, ta ce a haɗa da matar nan a addu'ar da ake yi wa magabata ranar taro. Abin da ya rage mini shi ne zuwa Kaduna, ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa, in duba bayanan kotunan alƙalai na lardin Zariya, ko zan ga yadda macen nan da ɗanta da aka rubuta a layi guda suka ƙare.