Galan Ya Ƙi Barin Kasuwar Mai

Tun a shekarun 1970 Najeriya ta koma amfani da mita da kilo da lita, kuma a yau babu gidan man da famfonsa yake ƙirga galan. Amma da zarar mai ya yi ƙaranci, layuka suka yi tsawo, 'yan bumburutu suka jera kayansu a bakin titi, sai galan ya dawo da ƙarfinsa, domin a wurinsu ba a tambayar kuɗin lita, galan ake tayawa, ko rabinsa, ko kwalba. Abin da yake damuna shi ne, ana cinikin kaya mai tsada a kan ma'aunin da babu wanda ya tsayar da girmansa.

Ko a ƙasashen da suka ƙirƙiro shi, galan bai zama abu ɗaya ba. Amurka ta riƙe tsohon galan da ake auna giya da shi a Ingila, mai ɗaukar lita 3.785, alhali Birtaniya ta yi watsi da shi a 1824 ta kafa sabo mai ɗaukar lita 4.546, ta yadda galan biyar nata ya kai shida na Amurka. Wannan na biyun shi ne Turawan mulkin mallaka suka kawo mana, tare da garwar kananzir mai cin galan huɗu da durom mai cin galan 44, wanda muke lissafawa a matsayin lita 200 a yanzu. Hatta gangar ɗanyen mai, wadda a kan farashinta ake gina kasafin kuɗin Najeriya kowace shekara, galan 42 ce na Amurka, wato kimanin lita 159, kuma ta samo asali ne daga rijiyoyin man jihar Pennsylvania a shekarun 1860.

Har gobe da galan ake sayar da fetur a Amurka da Laberiya. Hadaddiyar Daular Larabawa ba ta koma lita ba sai a 2010, Saliyo kuma a 2011. To, amma a duk waɗannan wurare galan yana da girman da doka ta sani, kuma akwai jami'in da zai iya zuwa ya gwada famfo.

Namu galan na bakin titi ba na Amurka ba ne, ba kuma na Birtaniya ba. Galibi robar baƙin mai ce mai cin lita huɗu da aka wanke, wani lokacin a cika ta har wuya, wani lokacin a tsaya a kafaɗa, wani lokacin ma a same ta a lotse, kuma duk sunanta galan. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, rabin litar da ke ɓacewa a haka kuɗi ne na gaske ga ɗan acaɓa, da direban a-daidaita-sahu, da telan da janareta ke juya masa keke, waɗanda su ne suka fi kowa sayen mai kaɗan-kaɗan.

Ban ga amfanin ɗora laifin duka a kan matasan da ke wannan sana'a ba, domin akwai ƙauyuka da yawa da in ba don su ba sai mutum ya yi tafiya mai nisa kafin ya ga gidan mai. Abin da nake ganin ya dace shi ne shugabannin masu sana'ar, tare da sashen kula da awo da ma'auni na ma'aikatar ciniki, su amince da roba mai layin lita a jikinta, a kuma riƙa faɗin farashi da lita, yadda mai saye zai iya kwatanta abin da ya biya da farashin gidan mai tun kafin a ɗura masa a tanki.