Wuƙar girkin nan ta ji magana daga ƙarshe

Ƴan uwa masu koyon washi, yau kam sai hamdala. Wuƙar girkin da nike ta kokawa da ita ta ratsa tumatir ba dannawa, na yanka albasar Galmi kusan kwano guda bisa katako kuma har yanzu tana aske gashin hannu.

Abin da ya so ya haukata ni shi ne wanga: in na gama da gehen dutsen washi mai kaushi, lamba 1000, na juya gehe mai santsi, lamba 6000, wuƙa ta yi kaihi, ta tsaga takarda sumul, sai in yanka albasa guda ɗaya tak ta dakushe kamar ba a taɓa kai ta ga dutse ba. Na sake jiƙa dutse, na sake washi, haka dai. Har na hwara zargin dutsen, King ne na Japan mai huska biyu, jika goma sha takwas ya ci mini kahin ya iso hannuna, kun san kuɗin da ciwo wallahi. Ga zahin Maradi, ka jiƙa shi minti goma har kumfa ta daina hita amma kana cikin aiki ya bushe, sai da kwanon ruwa kusa kana yayyahi.

Ashe kaihin nan da nike gani ba na wuƙar ba ne, wani ɗan siririn leɓen ƙarhe ne da ka tasowa a bakin wuƙa in ana washi. Shi ka yanka takardar, da ya taɓa katako sai ya kwanta. Kuma waɗanga wuƙaƙen ƴan China marasa tsatsa ƙarhensu taushi gare shi, leɓen ba ya karyewa, ka wasa dama ya koma hagu, ka wasa hagu ya dawo dama, kuna ta wasan ɓuya. Wuƙar maƙera da anka ƙera da resor ɗin mota ba ta wannan taurin kai, ita nata tsatsa ce, ka bar ta da ruwa ka gani.

Yadda na yi: tun bisa 1000 na rage nauyin hannu sosai, kusan nauyin wuƙar kaɗai, ja guda nan ja guda can, baki na gaba kamar zan yanki dutsen, kwana wajen digiri 15 zuwa 20 ban canza ba. Ina shafawa da babban yatsa daga baya zuwa baki har na daina jin ƙaiƙayi ko'ina, sannan na hau 6000. Masu gaggawar hawa 6000 don ganin ƙyalli, leɓen kuke gogewa kawai yana sheƙi.

Sai hwata. Na samo guntun jemammiyar hwatar jar akuya wajen dukawa, na manna bisa katako, ina jan wuƙar da baya, baki na bi, in ka tura gaba ka yanke hwatarka. Muna zaune garin da ake alfahari da hwatar akuyarshi, ban ga dalilin sayo ta waje ba.

Saura tsinin wuƙar, can inda ta lanƙwasa bai kai sauran kaihi ba, kuma dutsen ya hwara rami tsakiya. Wanda ya taɓa daidaita nashi da samfefa bisa gilashi ya hwaɗa mini lambar da ya sa, ina so in gama kahin layya.