Tarihin Rayuwata, Kashi na 6: Gonar Albasar da Ta Riƙe Ni a Makaranta

Assalamu alaikum. A makon jiya na tsaya ne a daren da ruwan Gulbin Rima ya shigo mana gari, a ƙarshen azumin 2010, farkon watan Satumba, muka fita da kayan jikinmu muka nufi tudu. Mutanen yankin Goronyo ba za su manta da wannan shekarar ba. Damina ta yi ƙarfi, madatsar ruwan Goronyo ta cika ta batse, ruwa ya bi fadama yana share ƙauyuka tun daga wajenmu har Wurno da Kware, ya je ya karya gadar da ke kai mutane Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, sai da aka koma tsallakawa da kwalekwale. Yau zan ba ku labarin yadda aka yi ban bar makaranta ba, domin da an bar abin ya bi hanyarsa, da tuni ni ma na bi sahun ƙawayena.

A makarantar firamaren garin da ke kan tudu aka zuba mu. Gidanmu da wasu gidaje muka haɗu a aji ɗaya, aka ɗaura zannuwa aka raba ɗakin, maza kuma suna kwana a baranda. Kafin wata ya zagayo bencunan makarantar sun fara shiga murhu, saboda duk itacen da ke daji a jiƙe yake. Har yau ban ga laifin kowa ba. Uwar da jaririnta ke kukan kunu ba za ta tsaya tunanin wa zai zauna a kan benci baɗi ba.

Taimako ya zo, kuma Allah ya saka wa waɗanda suka kawo. An kawo shinkafa da masara, tabarmi, barguna, gidan sauro da bokitai. Likitocin ƙungiyar agaji ta MSF sun zo da ruwan sha mai tsabta da magani da ledar yin rumfa. Manyan mutane sun zo da motoci sun yi jaje sun tafi. Amma duk wanda ya zo da takarda a hannu tambayarsa ɗaya ce: ku nawa ne a gidanku? Ba wanda ya taɓa tambayata aji nawa nake. Yunwa tana da baki, zazzaɓi ma yana nuna kansa, amma yaron da ya daina zuwa makaranta shiru yake yi, sai bayan shekaru a ga abin da aka yi asara. Da sanyin hunturu ya shigo, motocin suka fara raguwa, daga baya suka ɗauke ƙafa gaba ɗaya.

Za ku ce ai karatun firamare da ƙaramar sakandare kyauta ne tun dokar UBE ta 2004. Haka ne, ba a karɓar kuɗin makaranta. Sai dai kyautar ba ta ɗinka yunifom, ba ta sayen takalmi da littafin rubutu da biro, ba ta ba da sabulun wanki. Abin da ya fi waɗannan tsada ma shi ne aikin da yaro zai bari ya tafi aji. Baba ya rasa rumbunansa, geron da ake shirin girbewa ya nutse a gona, awakin Inna ko ɗaya ba a gani ba. A irin wannan gida kowane hannu abinci ne. Yayana ya bi ayarin samari zuwa cirani Kudu, daga nan bai sake riƙe alli ko biro ba. Ni kuma, ina aji biyar, aka ɗora mini tiren ƙuliƙuli. Gwaggo ta fara cewa da Baba, a gabana, yarinya ta fara tasawa, in aka samu mai rufin asiri a rage baki ɗaya.

Hedimastanmu shi ma gidansa ya faɗi, kuma rajistar makaranta ta narke a ruwa. Sai ya sayi babban littafi mai kwali, ya zauna yana rubuta sunayen ɗalibansa da ka, aji bayan aji, sannan ya bi rumfa-rumfa yana duba wanda ke nan da wanda ya tafi. Da ya gama, ya tashi a masallaci bayan sallar Juma'a ya roƙi jama'a, ya kuma aika wa 'yan garinmu mazauna Sakkwato da Kano. An tara abin da aka tara, aka ɗinka mana yunifom, aka raba littattafai, muka koma karatu a ƙarƙashin bishiya. Zangon farko ya wuce lafiya. Da zango na biyu ya zo ya sake komawa wajen mutanen nan, sai ya tarar fuskoki sun canza. Ba mugunta ba ce, kowa da nasa nauyin. Na ji shi yana faɗa wa liman cewa mutum yakan bayar karon farko da tausayi, karo na biyu da kunya, daga nan sai ya fara kauce maka a hanya, alhali yaron da ke aji ɗaya yana da shekara goma sha biyu a gabansa kafin ya gama sakandare.

Akwai wata tsohuwa a garinmu, kowa Hajiya Babba yake ce mata, mai fataucin tafarnuwa tun kafin a haifi iyayenmu. Mijinta ya daɗe da rasuwa, 'ya'yan da ta haifa kuma duk sun riga ta. Ita ce ta aika a kira mata hedimasta da liman da maigari. Ina zauren a ranar, domin ita ce mai sayen ƙuliƙulina kullum, kuma ba ta kore ni ba.

Ta ce, "Malam, na ji kana yawon bara saboda ɗiyan nan."

Ya ce, "Hajiya, bara ce kam, ban da wata dabara."

Ta ce, "Kuɗɗi ƙarewa sukai, Malam. Ƙasa ba ta ƙarewa. Gonata ta bakin gulbi, wadda na gada wajen mahaifina, na ba ɗiyan da ruwa ya ci gidajensu. A noma ta, su yi karatu da abin da ta bayar."

Liman ya gyara zama ya tambaye ta ko kyauta take nufi ko wakafi, domin hukuncinsu ba ɗaya ba ne. Ya yi mata bayanin gonar da Sayyidina Umar ya samu a Haibara, yadda Annabi (SAW) ya shawarce shi ya tsare asalin ƙasar ya yi sadaka da amfaninta, ba a sayarwa, ba a kyautarwa, ba a gado. Hajiya ta ce abin da take nufi ke nan. Maigari ya dage sai an rubuta, da ajami da boko, shaidu suka sa hannu, ita kuma ta dangwala yatsa. A lokacin na ɗauka ɓata lokaci ne kawai irin na manya.

Ruwan da ya rushe mu ya bar laka mai kyau a fadama, saboda haka noman ranin shekarar ya yi albarka. Iyayen da sunayen 'ya'yansu ke cikin littafi su ne suka riƙa aikin gonar bi da bi. Aka ari injin ban ruwa, aka yi dashen albasa cikin sanyi, aka cire ta da bazara ta shigo. Nan ne rigima ta tashi. Lokacin cirar albasa ba ta da daraja, kowa ya kawo kasuwa, dillalai suna taya ta yadda suka ga dama. Mai haƙuri shi ke zuba ta a rudu, wato rumfar ajiye albasa, ya jira watanni har ta yi tsada. Amma damina na tafe, mutane da yawa har lokacin a ƙarƙashin leda suke kwana. Wasu iyaye suka ce a sayar a raba musu su sayi kwano da azara. Baba yana cikinsu, kuma shi ya fi kowa ɗaga murya.

Ya ce, "Malam, ɗiyata boko za ta ci? In ruwa ya sauko, littafin zan rufa mata?"

Ban taɓa jin haushin Baba a kan wannan maganar ba, domin na ga yadda yake tashi cikin dare yana taɓa ledar yana duban sama. Hedimasta bai yi musu da shi ba. Ya ce, "Malam, gaskiyarka. Amma in muka raba bana, baɗi ma za mu raba, kuma ba za a rasa dalili ba." Aka kai maganar gaban Hajiya. Ita ce ta raba gardamar: kashi ɗaya cikin uku na waɗanda suka yi aiki ne, ladan guminsu, su sayar su yi rufi. Sauran kashi biyun na karatu ne, ko ita da ta ba da gonar ba ta da ikon taɓawa.

Aka kafa rudu a bayan gidanta, aka ɗaga shi daga ƙasa da itace, aka shimfiɗa kara, aka rufe da ciyawa don iska ta riƙa ratsawa. Mu 'yan mata aikinmu shi ne tsince ruɓaɓɓu bayan an tashi daga makaranta, domin guda ɗaya in ta lalace sai ta ja na kusa da ita. Za ka cusa hannu ka ji ta yi laushi, ka zaro ta tana ɗigar ruwa, warin ya bi ka har wajen kwana, ko ka wanke da toka. An yi asarar da dama. Duk da haka, da manyan motocin Kudu suka zo neman kaya bayan albasa ta yi wuya a kasuwa, abin da aka samu ya ninka na lokacin cira nesa ba kusa ba.

Kuɗin ba a hannun mutum ɗaya suke ba. Liman da hedimasta da wata mata da iyaye mata suka zaɓa, sai su ukun sun yarda ake fitar da ko kwabo. Ba a ba uba kuɗi a hannu, tela ake biya, mai kantin littattafai ake biya. Ba a ranta wa kowa don biki ko suna, ko da maigari ne. Bayan kowane ciniki hedimasta yakan tsaya a ƙofar masallaci ya karanta abin da ya shigo da abin da ya fita, mata suna saurare daga bayan katanga. Don kada iyaye mata su ji zafin rasa kuɗin talla, aka saya wa kowace yarinya jar akuya, uwarta ta kiwata, 'yar fari in mace ce a mayar a ba wata. Ranar da aka kawo tamu Inna ta sauke tiren ƙuliƙulin daga kaina, Gwaggo kuma ta yi shiru da zancen aure.

Sharaɗi ɗaya ne ya yi mini ciwo, har yanzu kuma yana yi. Hedimasta ya ce duk sunan da ya shiga littafi ba zai fita ba sai yaro ya gama sakandare, saboda haka ba zai rubuta fiye da abin da gonar za ta iya ɗauka ba. Aminiyata, wadda muke zama benci ɗaya tun aji ɗaya, ta fi ni lissafi nesa. Lokacin da ake rubuta sunaye iyayenta sun tafi zama wajen dangi a wani gari, da suka dawo littafi ya cika. Uwarta ta zo ta durƙusa tana roƙo. Na ga hedimasta ya juya baya yana share ido da hularsa, amma bai ƙara sunan ba. Kafin shekara ta zagayo aka ɗaura mata aure. Na daɗe ina ganin ya yi tsauri. Yanzu da nake koyarwa na gane cewa da ya buɗe ƙofar, da dukanmu mun tsaya a rabin hanya, sai dai ganewar ba ta rage mini zafin rashinta a aji ba.

Shi ya sa da madatsar Alau ta ɓalle ta cinye Maiduguri a Satumban 2024, da kuma ruwan Mokwa na watan Mayun 2025, na kasa barci. Na ji ana sanar da gudummawar biliyoyin naira, na yi murna, domin na san daɗin bargo a daren da ba ka da ɗaki. Amma tunanina yana kan yarinyar da ke aji biyu na firamare a unguwar Gwange ta Maiduguri ranar da ruwan ya zo. Sai 2035 za ta zauna jarrabawar NECO, in ta kai. Wa zai tuna da ita a lokacin? Da za a yanki wani abu daga irin waɗannan kuɗi a sayi gona, ko shaguna, ko gidan haya, a tsare su da sunan karatun yaran da aka rubuta sunayensu tun a sansani, da an yi musu abin da Hajiya ta yi mana. Hanyar ba baƙuwa ba ce a wajenmu, a Sakkwato ma akwai hukuma sukutum ta zakka da wakafi. Tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba ta yi shi da gona ɗaya.

Na gama firamare a 2012, na ci jarrabawar shiga sakandare, aka tura ni makarantar kwana ta 'yan mata. Daga kuɗin albasa aka saya mini akwatin ƙarfe da katifa da bokiti, Baba da kansa ya ɗauki akwatin a ka har tasha, yana ta faɗa wa duk wanda muka haɗu da shi inda za ni.

Ina aji biyu na ƙaramar sakandare, ana tsakiyar dashe, aka aiko mini Allah ya yi wa Hajiya Babba rasuwa. Allah ya jiƙanta, ya sa gonar nan ta zame mata haske a kabari. Ko sadakar bakwai ba a yi ba, 'ya'yan ƙanenta suka iso daga birni da igiyar awo da wani mutum da suka ce shi zai sayi gonar, suka ce da masu aiki kowa ya ɗauki fartanyarsa ya fita. Yadda maigari ya ɗauko takardar nan daga ƙasan akwatinsa, da abin da ya faru a gaban alƙali, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.