Yadda Ake Sauko da Oriyol daga Ƙololuwar Bishiya a Ɗauke Shi Hoto

Oriyol na Baltimore tsuntsun saman bishiya ne. Sau da yawa kukansa mai kama da sarewa za ka ji, ka yi ta ɗaga kai har wuya ya ƙage ba ka gan shi ba. Namijin kansa baƙi ƙirin ne, ƙirji da ciki ruwan lemu, ga farin layi a fiffike, macen kuwa launinta a koɗe yake. Shi ne tsuntsun da ke alamta jihar Maryland ta Amurka tun 1947. Ba danginsu ɗaya da oriyol mai ruwan ɗorawa na dazukan Afirka ta Yamma ba, suna ne kawai ya zo ɗaya.

Hunturu yakan yi shi a Amurka ta Tsakiya da arewacin Amurka ta Kudu, ya iso gabashin Amurka da kudancin Kanada tsakanin ƙarshen Afrilu da tsakiyar Mayu. A nan mutane da yawa ke makara. Abinci ya kamata ya riga tsuntsu isowa da mako ɗaya ko biyu, don in ya zo bai tarar da komai ba, gaba yake yi.

Ka raba lemu biyu, ka soke rabi a ƙusa, cikinsa yana kallon sama, a fili inda za a hango shi daga sama. Ka lura da yadda yake ci: yakan caka baki a rufe, ya buɗe shi a cikin lemun, sannan ya lashe ruwan da harshe. Jam ɗin inabi cokali ɗaya ya isa, a ƙaramin murfi marar zurfi. Babban kwano hatsari ne, gashin tsuntsu kan manne ya kasa tashi. Ruwan sukari kuwa, kofi ɗaya na farin sukari a kofi 6 na ruwa, ban da zuma, ban da kala. Da zafi a canza shi duk kwana biyu, in ba haka ba ya yi tsami. Tururuwa za su zo, maganinsu ɗan kofin ruwa a rataye saman mazubin ruwan sukarin, don su kasa ƙetarawa.

A watan Yuni sai ka ga sun ɗauke ƙafa. Ba gudu suka yi ba, tsutsa suke farauta wa 'ya'yansu a sheƙar nan mai kama da aljihu da macen ta saƙa a bakin reshe.

Hoto a kan murfin jam ba ya kyau. Ka ɗaure busasshen reshe kamar rabin mita daga abincin, don nan yake fara sauka ya waiwaya, daƙiƙa biyu ko uku ke nan da kake da su. Ganyen da ke bayansa ya yi nisan mita 4 ko fiye, ya narke a hoton. Gilashin kyamara mai jawo nesa na milimita 400, saurin ɗauka 1/1000 na daƙiƙa, faɗin ƙofar shigar haske f/7.1, rana a bayanka, da sassafe. Ka buɗe taga, kada ka ɗauka ta cikin gilashinta.

Matsalar tana launi. Launin ruwan lemun jikinsa yana saurin ƙonewa a hoto in rana ta haske shi, zanen gashi ya ɓace, saboda haka ka rage haske da kashi ɗaya ko biyu cikin uku na mataki, wato ma'aunin ƙara ko rage haske a kyamara. Baƙin ido kuma a baƙin kai ɓacewa yake yi, sai ka jira ya juya har rana ta ɗan ƙyalla a ƙwayar idon kafin ka danna. In yana can sama, farin sararin samaniya a bayansa, akasin haka za ka yi: ƙara haske mataki ɗaya, in ba haka ba baƙar inuwa za ka samu.